Zakaru Bakwai da Ƙwan Shago

Wannan karon ba zan yi muku kwalliyar magana ba. Kwana biyar ke nan ina rubutawa ina gogewa, don duk ta inda na juya labarin nan ni ce dai mai laifi a cikinsa. Wadda dariya ta zo mata ta yi abinta, ni ma da wata ce ta ba ni labarin da na dara har da riƙe ciki.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu. Shekara biyu da gama karatuna, na kai takardun neman aiki har masu gadin ofisoshi sun san fuskata, shiru. Yayata, mai aure da 'ya'ya uku, duk zuwan da za ta yi gida kafin ta cire takalmi sai ta ce, “Auta, har yanzu? Ba aiki, ba miji, sai danna waya?” Abba ba ya magana, sai dai ya kalle ni ta saman jarida. Umma takan ce a ƙyale ni, amma ina jin ajiyar zuciyarta duk ranar da aka kawo katin auren wata ƙawata.

Haushin wannan ne ya jefa ni kiwon kaji.

Dama Umma tana da kajinta shida da tsohon zakara ɗaya a bayan gida, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Ba wani kyan gani gare su ba, amma kullum da safe sai ta shigo da ƙwai huɗu ko biyar a tafin hannunta. Ni na raina su. Na ce na zamani zan yi. Na je kasuwa na sayo 'yan tsaki goma wurin wani mutum da ya rantse mini duk mata ne. Umma ta ɗaga ɗaya ta duba ƙafafunsa, ta ce, “Anya kuwa, Auta?” Na ce, “Umma, wannan irin ba a gane shi da ido kamar na da.” Ta ajiye shi, ba ta ƙara ba.

Biyu suka mutu, takwas suka girma. Wata safiya ɗaya ya miƙe wuya ya saki wata irin cara kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Kafin sati ya zagayo bakwai ne suke yi. Guda ɗaya tak ce mace.

Umma ta same ni ina zuba musu dusa, ta ce a hankali, “Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas, har goma. Ki zaɓi ɗaya ki bari, a rage sauran.”

Da ita kaɗai ce a wurin, wataƙila da na ji. To Yaya tana tsaye a bakin ƙofar kicin tana dariya har da goge hawaye. Nan take na ce, “Da gangan na yi. Iri nake son tarawa.” Kuma tun da na faɗa sai na riƙe.

Zakarun nan suka taru a kan tsohon zakaran Umma, suka yi masa jina-jina, har Abba ya ce a yanka shi a huta. Suka koma kan kajin. Wannan ya sauka wancan ya hau, gashin bayansu ya tsige, suka koma ɓuya ƙarƙashin tanki, ko abinci ba sa fitowa ci sai da sanɗa. Ƙwai ya koma biyu, ya koma ɗaya, ya ɗauke gaba ɗaya. Ni kuwa ina ɗaukar hoton zakaruna ta gefen da jelarsu ke sheƙi ina ɗorawa a waya.

Ana cikin haka keken ɗinkin Umma ya lalace, aka kira mai gyara. Dogo ne, siriri, rigarsa a goge amma bakin aljihun duk tabon baƙin mai. Yana zaune a ƙasan falo ya baje ƙananan kusoshi a kan farin hankici, zakaruna suka kaure da cara. Ya ɗago ya ce, “Gonar kaji ce a bayan gidan nan?”

Yaya ta nuna ni da baki. “Ga manajar nan.”

Ita ba'a take yi. Shi kuma ya ɗauka da gaske. Ya dube ni da wani irin girmamawa da na shekara biyu ban gani a idon kowa ba, ya ce, “Sannu da ƙoƙari, Manaja. Ina son in ga mutum yana abin kansa.”

Ku faɗa mini, a nan ne ya kamata in gyara masa, ko? Na sani. Murmushi na yi.

Keken ya gyaru a ranar, amma sau uku yana dawowa wai ya duba ko zare yana tsinkewa. Yaya ta sa masa Injiniya, sunan ya bi shi. Ta koma kirana safe da yamma: “Wannan kada ki kuskura ki yi wasa da shi, kin ji ko? Mai sana'a ne, mai kunya ne.” Abba da kansa ya fara ajiye jarida idan ya ji sallamarsa.

Wata rana da hantsi Injiniya ya turo mini saƙo: “Manaja, ya jama'arki? Gwaggona ta ce yaushe za ta ɗanɗana ƙwan gonarki?” Gwaggon nan ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsa, ita ce komai nasa.

Na leƙa akurki, ko ɗaya babu. Na zura mayafi na wuce shagon layinmu, na wuce na gaba da shi, sai a na uku inda ba a san ni ba na sayi dozin guda. Na dawo na shige bayan tanki, na shafa musu dusa, na manna wa biyu ɗan gashin kaza, na jera a kwano mai murfi. Da ya karɓa har da sa hannu biyu.

Sau uku ina yin haka. A na ukun ne saƙonsa ya shigo ina wanke-wanke: “Albishirinki. Kazar Gwaggo ta fara kwanci, ta sa mata ƙwanki goma sha biyu. Ta ce irinki take so a gidanta.”

Na goge hannu na shiga bincike a waya. Abin da nake tsoro shi na gani: kajin da ake tara wa shaguna ƙwai ba a haɗa su da zakara, ƙwansu ko shekara kaza za ta yi a kai ba abin da zai fito. Kwana ashirin da ɗaya nake da su in buɗe baki kafin ranar ƙyanƙyasa. Kullum sai ya turo mini, “Saura sha biyar.” “Saura tara, Gwaggo har ta gyara musu kwando.” Ni kuma in mayar masa da hoton fuska mai dariya.

Ranar ashirin da ɗaya ta wuce bai ce komai ba. Ta ashirin da huɗu ya rubuto: “Gwaggo za ta zo gaida Umma ranar Asabar. Tana son ta ga kajinki.”

“Sun ƙyanƙyashe?” na tambaya, kamar ban sani ba.

“Ki bari ta zo ta gani da idonta kawai.”

Asabar tun da safe Yaya ta dira da sabon labule da turaren ɗaki. Ita tana falo tana goge tebur, ni ina bayan gida ina tseren zakaru. Tunanina a lokacin, in tsohuwa mai kiwo ta ga zakaru bakwai a kan kaji bakwai, ta gama sanin ban san komai ba. Na kama shida ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ya karce ni tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Na cusa su cikin kwalaye biyu, na huda ramuka da wuƙa, na tura cikin sito bayan buhunan gawayi, na ja ƙofa. Na karanta cewa in suna cikin duhu ba sa cara.

Ina juyowa na ga Umma a tagar kicin.

“Me kike yi, Auta?”

“Shara zan yi, Umma.”

Ta dubi ƙofar siton, ta dubi hannuna mai jini, ta ce, “Ki sa riga mai dogon hannu.” Ta saki labulen.

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, na yafa farin mayafi, na shafa hoda sau biyu don gumi yana wanke ta. Wajen sha ɗaya Gwaggo ta yi sallama, ita kaɗai. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba, da jaka baƙa a hammata da hannaye irin na wadda ba ta taɓa zama ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta ce in tashi. Na kawo ruwa da lemo a tire.

Bayan an gaisa ta dubi Umma ta ce, “Mun sha ƙwan gidan nan, an gode.”

Ummata ba ta ƙarya, ko da wasa. Na ga ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zaninta, ta ce, “Bismillah, ki sha ruwa, rana ta yi.” Yaya kuwa ta karɓe zancen: “Ai Auta akwai ƙoƙari, Gwaggo, ba ta zama.” Ban taɓa jin yabo ya yi mini ɗaci irin na ranar ba.

Gwaggo ta kurɓi ruwa ta ajiye. “'Yata, mu je ki nuna mini.”

Umma ta ce gwiwarta tana ciwo, ta riƙe Yaya da hira. Muka fita mu biyu.

Na share wurin tas, na wanke mazubin ruwa, zakara ɗaya yana yawo yana taƙama kamar shi ya gina gidan. Gwaggo ta ɗebi dusa ta watsa tana kiran kaji da harshe. Ba wadda ta fito. Ta tattare zani ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin tanki, ta jawo wake-waken kazar Umma, wadda ta fi kowacce ƙwai a da. Ta shafa bayanta da ya zama fata zalla, ja wur. Sannan ta ɗaga fiffiken.

Wallahi ban san da ciwon ba. Fatar ta yage kusan tsawon yatsa, ta yi ruwa, har wari take. Wata nawa ina zuba musu abinci, ban taɓa ɗaga fiffiken ko ɗaya ba.

“Wannan ba aikin zakara ɗaya ba ne,” in ji Gwaggo. Ta sa yatsu ta taɓa ƙasan cikin kazar. “Kuma wannan ta fi wata biyu rabonta da ƙwai.” Ta jawo ta biyu, ta taɓa. Ta jawo ta uku.

A daidai nan zakaran da na bari ya haye bakin tanki, ya buga fiffike, ya saki cara. Daga cikin sito, ta bayan ƙofa da buhuna, aka amsa masa. Ɗaya, biyu, sai duk suka ɗauka.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Gwaggo ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Ta ce, “Rufin kwano ne a ɗakin can?”

“Eh.”

“Maza buɗe, zafi zai kashe su.”

Na jawo kwalayen. Biyar suka fito a fusace suna kakkaɓe jiki. Na shidan yana kwance a gefe, baki buɗe, ido a lumshe. Ta karɓe shi, ta tsoma ƙafafunsa a bokitin ruwa, ta jiƙa masa ƙarƙashin fiffike, tana ɗiga masa ruwa a baki da yatsa har ya fara haɗiya. Ni ina tsaye da farin mayafina duk baƙin gawayi.

“Kawo ruwan ɗumi da gishiri,” ta ce, “da tsumma mai tsabta.”

Na kawo. Ta ba ni wake-waken na riƙe, tana wanke ciwon, kazar tana rawar jiki a ƙirjina. Ba ta kalle ni ba ta fara magana.

“Da kwana ashirin da uku suka cika na fasa ƙwan nan ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigon jini babu a ciki. Shekarata talatin ina kiwo, na san ƙwan da zakara bai taɓa uwarsa ba. Kazata ta rame a banza.”

Hawaye suka zubo mini. Na ce, “Gwaggo, a shago na saya. Duka. Kajin ma ba nawa ba ne, na Umma ne, guda ɗaya ce tawa. Zakarun ne nawa. An ce mini mata ne, da suka girma na ji kunyar a ce an cuce ni.”

“Wa ba a taɓa cuta ba a kasuwar kaji? Ni sau biyu.” Ta matse tsumman. “Wannan ba komai ba ne. Amma kin ga kunyarki a jikin wa ta ƙare?” Ta nuna ciwon da haɓa.

Na dubi ciwon, na gyara riƙon kazar.

Ta buɗe jakarta ta ciro wata 'yar kwalbar magani shuɗi ta fesa wa kazar. Ashe da shirinta ta zo. Ta ce in ware wake-waken a kwando ita kaɗai har ta warke, in kulle zakarun daban tun yau, in zaɓi mai sanyin hali guda ɗaya, shi ma kada ya kusanci kajin sai gashinsu ya fito. Sauran in ina so za ta haɗa ni da mai karɓar zakaru ya ba da 'yan sagaru, kajin da ke dab da fara ƙwai. Ta faɗi duk wannan kamar ba abin da ya faru, har na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai da ta wanke hannu ta gyara ɗankwalinta sannan ta dube ni sosai.

“Yaron nan yana shekara huɗu aka ajiye mini shi. Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar Laraba. Na ce masa ƙwan shago ne, ya miƙe tsaye a gaban ƙannena ya ce in daina, ke ba kya ƙarya. Kwana uku bai ci abincina ba.”



“Ni ba zan faɗa masa ba,” ta ce. “Ba daga bakina zai ji ba. Ba kuma zan ce masa na yi kuskure ba, don ban yi ba. Sauran ya rage naki, 'yata.”

Ta koma falo ta yi sallama da Umma da fara'arta kamar yadda ta shigo. Yaya ta raka ta har bakin titi, ta dawo tana rawa da kafaɗa. “An wuce wurin! Kin ga yadda take ce miki 'yata?” Sai ta lura da mayafina. “Ke kuma me ya same ki kamar wadda ta fito daga murhu?” Ta gaji da tambaya ta kwashi 'ya'yanta ta tafi.

La'asar ta yi na sami Umma a bayan gida, ta jawo kujera 'yar tsugune gaban kwandon wake-wake tana ba ta dusa a tafin hannu. Na durƙusa a gefenta.

“Umma, ƙwan da nake ba shi…”

“Ni nake buɗe akurki kullum da safe, Auta.”

“Kin sani?”

“Na ga kina manna musu gashi a bayan tanki.”

Na rufe fuskata da hannu biyu. “Me ya sa ba ki yi mini faɗa ba?”

Ta ƙara dusa a tafin hannunta. “Shekara biyu sai rana ta take nake tashinki. Da kika kawo 'yan tsakin nan na ga kina riga ni tashi. Na ce kaji ne, in sun lalace a sake wasu.” Ta shafa kan kazar. “Na ƙwan ne ya kamata in tsawatar, ban yi ba. Yau da baiwar Allahn nan ta gode mini na rasa inda zan sa fuskata.”

Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na kifa kaina a gwiwarta na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma ture ni ba. Da na yi shiru ta ce, “Tashi ki ɗaure wa zakarun nan wayar shinge a lungun can kafin su sake hawa kan kajin.”

Ina cikin ɗaure wayar, hannuna duk tsatsa, zakaru bakwai suna hararata daga lungu, wayata ta yi ƙara a kan tanki. Injiniya ne.

“Manaja, Gwaggo ta dawo. Na tambaye ta me ta gani, ta ce in tambaye ki, ta shige ɗaki.”

Kafin in gama karantawa wani ya shigo.

“Na san kunya ce ta kama ta. Akwai maganar da ta faɗa a kanki wadda ban so ki ji ba. Don Allah ki yafe mata, tsufa ne. Gobe zan sa ta kira ki ta ba ki haƙuri da bakinta.”

Na karanta sau uku. Na fara rubutu, na goge. Na sake farawa da “Akwai abin da”, na goge. Yana ganin alamar ina rubutu, don ya turo: “Kada ki ce komai, na san halinki.”

Umma tana kallona daga inda take zaune. Na goge hannuna a jikin rigar da na yi kwalliya da ita, na danna kira. Bugu ɗaya ya ɗauka, ina jin ƙarar keken da yake gwadawa ta tsaya.

“Manaja,” ya ce, muryarsa cike da murna.

Na ce, “Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Ka tashi ka je ƙofar ɗakin Gwaggo, ka sa wayar yadda za ta ji. Ku biyu nake so ku ji abin da zan faɗa.”

Sai na ji ya ture kujera, na ji takunsa.